Starlink a ƙasar Arawa: Wa ke gadin ƙofar intanet ɗin gida a Ɗan Kassari?

A watan Maris na 2025 ne kamfanin Starlink na attajirin Amurka Elon Musk ya fara aiki a hukumance a Jamhuriyar Nijar, watanni kaɗan bayan yarjejeniyar da ya ƙulla da gwamnatin mulkin soja a Yamai a ƙarshen Oktoban 2024. Ministan sadarwa na wancan lokaci, Sidi Mohamed Raliou, ya kafa hujja da cewa intanet bai kai ga fiye da kashi ɗaya cikin uku na faɗin ƙasar ba, kuma tauraron ɗan'adam ne zai isa inda turakun salula suka gaza.

Ɗan Kassari na cikin irin wuraren da wannan magana ta shafa. Ƙaramar hukuma ce ta karkara a gundumar Dogondutsi ta jihar Dosso. Babban garinta na kan titin ƙasa mai lamba 1, tsakanin Dogondutsi da Birnin Ƙonni, ƙauyukanta kuma sun bazu nesa da kwalta, ciki har da Lugu, mazaunin Sarauniya, da Bagaji. Matasanta da yawa na ci-rani a Yamai da biranen Najeriya da ƙasashen gaɓar teku, kuma waya ce igiyar da ta ɗaure su da gida: ta nan ake gaisawa, ta nan ake aiko kuɗin cefane da na taki.

A da, kowa da layinsa na Airtel, Moov, Zamani ko Niger Telecoms, kuma kowace waya ita kaɗai take magana da turken kamfani. Yanzu abin da ke bazuwa a biranen Nijar da garuruwanta shi ne faranti ɗaya a kan rufi, na'urar rarraba intanet ɗaya, wadda ake kira rauta, sai wayoyi da kwamfutoci masu yawa rataye a jikinta. Wasu ma sun mayar da abin sana'a, suna sayar da tikitin awa ɗaya ko na yini a wuraren da ake kira wifi zone. Duk na'urorin da suka hau rauta ɗaya sun zama 'yan gida ɗaya, suna iya ganin juna, suna iya ƙwanƙwasa wa juna ƙofa. A nan ne maganar katangar tsaro, wadda masana ke kira fayawol, ta taso.

Mene ne aikin katangar tsaro?

Duk na'urar da ke kan intanet tana da adireshi, kuma a kan wannan adireshi akwai ƙofofi masu lamba sama da 65,000. Kowane aiki da ƙofar da ya saba bi. Shafukan intanet masu kariya suna bin ƙofa ta 443. Musayar fayiloli tsakanin kwamfutocin Windows na bin ta 445. Akwai kuma ƙofofin da aka tanada domin mai na'ura ya shiga ya yi mata saiti, kuma waɗannan su ne masu kutse suka fi nema.

Katangar tsaro kamar dattijon da ke zaune a zaure take. Idan ɗan gida ya fita aike, dattijon ya gan shi, in ya dawo da saƙo sai ya bar shi ya wuce. Idan kuwa baƙon da ba wanda ya kira ya zo yana neman cikin gida, a zaure zai tsaya. Haka katangar ke riƙe lissafin duk buƙatar da ta fita daga waya ko kwamfuta, ta bar amsarta ta shigo, ta watsar da duk wani saƙon da ya zo ba a neme shi ba.

Iri biyu ne suka shafi gida. Akwai wadda ke cikin rauta, tana tsakanin gidan gaba ɗaya da duniyar waje. Akwai kuma wadda ke cikin kwamfutar kanta, tana kare ta hatta daga sauran na'urorin gidan. Ta biyun ba a banza aka samo ta ba. A watan Agustan 2003 wata manhajar ɓarna mai suna Blaster ta riƙa shiga kwamfutocin Windows ba tare da mai su ya danna komai ba, haɗuwa da intanet kawai ta isa. Bayan ita aka yi Sasser a 2004. Daga wannan shekara ne Microsoft ya mayar da katangar Windows a kunne tun daga farko, maimakon a jira mai kwamfuta ya kunna da kansa.

Darasin Laberiya

Mai rauta a karkara zai iya cewa shi ba banki ba ne, ba ma'aikatar gwamnati ba, me za a sata a wurinsa? Abin da ya faru a 2016 ya amsa wannan tambaya. A waccan shekara wasu matasa a Amurka suka rubuta manhajar Mirai, wadda ke yawo a intanet tana gwada ƙofofin rautoci da kyamarorin tsaro da jerin sunaye da kalmomin sirri kusan 60, irin waɗanda kamfanoni ke saka wa na'ura tun daga masana'anta. Duk wadda ta buɗe sai ta zama soja a rundunar mai kutse, mai ita bai sani ba. A ranar 21 ga Oktoban 2016 aka juya wannan runduna kan kamfanin Dyn, lamarin da ya hana miliyoyin mutane shiga Twitter da Netflix na tsawon sa'o'i.

Afirka ta Yamma ma ta ɗanɗana. Wani ɗan Birtaniya, Daniel Kaye, ya yi amfani da nasa samfurin Mirai wajen kai hari kan kamfanin sadarwa na Lonestar a Laberiya, bayan wani babban ma'aikacin kamfanin da ke gogayya da shi ya ɗauke shi haya. A watan Nuwamban 2016 harin ya yi ƙarfin da ya dagula intanet a sassan ƙasar. A cikin watan ne kuma yunƙurinsa na ƙara yawan rundunar ya durƙusar da rautocin abokan hulɗar Deutsche Telekom kusan 900,000 a Jamus. A Janairun 2019 wata kotu a Landan ta ɗaure shi shekara biyu da wata takwas.

Ba wanda ya zaɓi masu waɗancan na'urori ɗaya bayan ɗaya. Manhaja ce ke bi layi-layi dare da rana, ba ta san Yamai ba, ba ta san Ɗan Kassari ba, buɗaɗɗiyar ƙofa kawai take nema. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ƙofar waje: inda Starlink ke taimakawa da inda ya tsaya

A nan akwai labari mai daɗi. A tsarin da Starlink ke sayar wa gidaje, kwastomomi da yawa ne ke tarayya a adireshi ɗaya na tsohon tsarin IPv4, kamar yadda kamfanonin salula ma ke yi. Don haka wanda ke waje ba shi da hanyar kiran wani gida kai tsaye ta wannan adireshi. Ba katanga ce da aka gina da niyya ba, amma tana tare kaso mai yawa na masu ƙwanƙwasa ƙofa.

Matsalar na farawa ne idan aka faɗaɗa abin. Rautar da ke zuwa da farantin ba a yi ta domin sayar da tikiti ko ɗaukar unguwa guda ba. Shi ya sa masu wifi zone ke jingine ta su haɗa wata, kuma na'urorin MikroTik, wani kamfani na ƙasar Latbiya, sun yi fice a wannan sana'a a Afirka ta Yamma saboda arha da kuma iya buga tikiti. Daga ranar da aka yi haka, gadin gidan ya koma wuyan sabuwar rautar da wanda ya saita ta.

Ƙananan na'urorin MikroTik na zuwa da katanga tun daga masana'anta. Amma akwai zaɓin goge duk saitin asali a fara daga fili, kuma mai gyara da ke sauri, yana bin bidiyon koyon haɗa tikiti, zai iya goge katangar tare da sauran saitin bai mayar da ita ba. Intanet zai yi aiki lafiya, tikiti zai fita, ba abin da zai nuna cewa zauren ba kowa. Ƙari a kan haka, Starlink na bayar da sabon tsarin adireshi na IPv6, wanda a cikinsa kowace na'ura ke iya samun adireshin da ake gani daga ko'ina a duniya. Dokokin katangar IPv4 ba sa aiki a kansa, nasa daban ake rubutawa. Wanda ya kunna shi bai yi masa katanga ba ya kulle ƙofar gaba ne ya bar ta baya.

Tarihin kamfanin ya nuna abin da sakaci ke jawowa. A Afrilun 2018 MikroTik ya toshe wata kafa a manhajar saitinsa ta Winbox, mai amfani da ƙofa ta 8291, wadda ke ba ɗan kutse damar kwashe kalmomin sirrin rauta. Duk da an fitar da gyaran, a watan Agustan shekarar masu bincike sun gano an kama rautoci kusan 200,000, akasari a Birazil, ana amfani da su wajen haƙar kuɗin kirifto a na'urorin mutane. A 2021 kuma aka gano rundunar Meris, wadda ta kai wa kamfanin Yandex na Rasha gagarumin hari, kuma MikroTik ya bayyana cewa yawancinsu na'urorin da aka kama tun 2018 ne, waɗanda ba a sauya wa kalmar sirri ba.

Da ɗan gari akan ci gari

Akasarin shawarwarin tsaron intanet an rubuta su ne da tunanin gidan Turai: mutum huɗu, ƙofa ɗaya, kowa ya san kowa. Gidan Ba'are ba haka yake ba. Akwai iyalan 'yan'uwa a sassa daban-daban, akwai maƙwabta da ba a iya hana su kalmar sirri, akwai abokan samarin gida da ke zaman fada a ƙofa, akwai baƙin kasuwa. Kalmar da aka ba mutum ɗaya da safe, kafin magariba ta zaga unguwa, balle yanzu da waya ke iya raba ta ta hanyar hoton lamba. Idan kuma ana sayar da tikiti, duk mai 'yan canji a aljihu ya zama ɗan gida na awa ɗaya.

Katangar rauta waje take kallo. Duk wanda ya hau wifi ya riga ya wuce ta. Ba lallai ne ya zama mugu ba, wayarsa ko kwamfutarsa ce ƙila ke ɗauke da cuta bai sani ba. A ranar 12 ga Mayun 2017 manhajar WannaCry ta kama kwamfutoci sama da 200,000 a ƙasashe kusan 150, ta kulle fayiloli tana neman kuɗin fansa, har asibitocin Ingila suka riƙa soke ganin marasa lafiya. Ta ƙofa ta 445 take bi, kuma da zarar ta shiga kwamfuta ɗaya sai ta bi sauran da ke tare da ita. Microsoft ya fitar da maganin tun a watan Maris na shekarar, waɗanda ba su sabunta ba ne abin ya ci.

Wannan ya shafi karkarar Nijar kai tsaye, domin kwamfutocin da ke isa can galibi na hannu ne. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 7 tun 14 ga Janairun 2020, ya kuma kawo ƙarshen tallafin yau da kullum na Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025. Da yawa kuma an ɗora musu Windows da Office na sata, kuma manhajojin da ke karya lasisin kan buƙaci a kashe kariyar kwamfutar kafin su yi aiki. Sau da yawa ba a sake kunna ta. Irin wannan kwamfuta ce ake buga takardun makaranta da ita, ake ajiye hotunan katin ɗan ƙasa da takardar haihuwa, ake riƙe lissafin shago ko na ƙungiyar manoma.

Abu na biyu da ɗan ciki ke iya kaiwa gare shi shi ne shafin saitin rautar kanta. Idan har yanzu sunan shiga da kalmar sirri na masana'anta ne, yaro mai wayo zai iya shiga ya buga wa kansa tikiti. Wanda ya fi shi mugunta zai iya sauya saitin da ke fassara sunayen shafuka zuwa adireshi, ta yadda mai neman shafin gaske za a karkatar da shi zuwa na bogi.

Bai kamata a zuzuta haɗarin ba. Saƙonnin WhatsApp a rufe suke tun daga wayar mai aikawa har ta mai karɓa, kuma yawancin manyan shafuka da manhajojin kuɗi na ɓoye bayanansu a hanya. Zama a wifi ɗaya da mutum bai ba shi ikon karanta hirar wani ba. Inda rauni yake shi ne tsohuwar kwamfuta, manyan fayilolin da aka bari a buɗe, kyamarar tsaro mai arha, na'urar buga takardu da kuma rautar kanta.

Maganin kuwa yana cikin tsarin ginin Bahaushe. Baƙo na da zaure, iyali na da cikin gida. Akasarin rautocin zamani na iya buɗe wifi biyu: na baƙi, wanda ke kai mutum intanet kawai, da na gida, inda kwamfuta da wayar harkar kuɗi suke. A na baƙin akan kunna saitin da ke hana na'urori ganin juna. A kwamfutar Windows kuma, idan ta tambayi wane irin wuri ne aka haɗa ta, a zaɓi na jama'a, wanda aka rubuta Public da Faransanci da Ingilishi, domin shi ne ke rufe ƙofofin musayar fayil. A gidan da ake raba wifi da unguwa, wannan zaɓi shi ne daidai ko da kwamfutar a ɗakin mai gida take.

Abin da katanga ba ta tarewa

Dattijon zaure ba ya hana abin da ɗan gida ya ɗauko da hannunsa. Idan aka kira mutum aka ce daga kamfanin aika kuɗi ne, ya karanto lambar sirrinsa, ba katangar da za ta cece shi. Haka wanda ya tura lambobi shida da WhatsApp ya aiko masa ga wani da ya ce kuskure aka yi. Da an ƙwace asusun, 'yan'uwan da ke ci-rani ne za su fara samun saƙon cewa an kwantar da wani asibiti, a turo kuɗi ta Nita ko Amana da gaggawa.

Haka manhajojin da ake turawa daga waya zuwa waya ko a ɗora a wurin masu turi. A 2021 kamfanin tsaro na Kaspersky ya gano manhajar ɓarna ta Triada a cikin FMWhatsApp, ɗaya daga cikin jabun WhatsApp da matasa ke so saboda ƙarin kwalliya, a 2022 kuma ya sake gano ta a YoWhatsApp. A watan Yunin 2025 hukumar FBI ta Amurka ta yi gargaɗi kan BadBox 2.0, inda ta ce wasu akwatunan talabijin na Android masu arha na zuwa da cutar tun kafin a saye su, ko su ɗauke ta lokacin saiti. Irin waɗannan daga ciki suke kiran waje, kuma katangar gida a bisa al'ada ba ta hana fita. Abin da za a iya yi shi ne a ajiye irin wannan akwati a wifi na baƙi, nesa da kwamfuta.

Ina doka ta tsaya?

Nijar na da dokar yaƙi da laifukan intanet mai lamba 2019-33 ta ranar 3 ga Yulin 2019, wadda ta haramta kutse cikin na'urar wani. A watan Yunin 2024 Janar Abdourahamane Tiani ya sanya hannu kan gyaran da ya dawo da hukuncin ɗauri kan ɓata suna da yaɗa bayanan da ka iya dagula zaman lafiya ta intanet. Akwai hukumar HAPDP mai kare bayanan jama'a, da hukumar ARCEP mai sa ido kan harkar sadarwa, wadda ta riga ta ja hankalin masu wifi zone kan su daidaita sana'arsu da doka.

Abin lura ga mai faranti shi ne, duk abin da ya fita ta rautarsa da sunan asusunsa ya fita. Idan an kama na'urarsa ana kai hari da ita, ko wani ya aikata damfara ta layinsa, sawun farko ƙofarsa zai nuna. Sau da yawa kuma sunan da ke kan asusun na ɗan ci-ranin da ya saya ne yake biyan kuɗin wata, ba na wanda ke zaune kusa da na'urar ba.

Muhawarar da ake yi a Yamai ta fi karkata kan lasisi, haraji da abin da mutane ke wallafawa. Batun ko an saita dubban rautocin da ke shiga ƙasar yadda ya kamata bai samu irin wannan kulawa ba, alhali matasan da ke hawa rufi suna haɗa su su ne ainihin masu gadin. Ɗan Kassari na da daɗaɗɗiyar hulɗa da garin Cesson-Sévigné na Faransa da ƙungiyar RAEDD ta cikin gida kan ilimi, ruwan sha da sana'o'in mata. Horar da masu haɗa intanet na kwana biyu ko uku aiki ne da ya yi daidai da irin wannan tsari, kuma bai kai kuɗin rijiya ɗaya ba.

Nauyin da ke kan mai aikowa

Wanda ya sayi faranti a Yamai, Sakkwato ko Kwatano ya aika gida bai gama aikinsa ba sai ya yi wa mai haɗawa tambayoyi. An sauya kalmar sirrin shiga saitin rauta, kuma ta bambanta da ta wifi? Katangar asali na nan, ko an goge ta? Idan an kunna IPv6, an yi masa tasa? Mai tikiti na iya kaiwa ga shafin saiti? An raba wifi na baƙi da na gida? Yaushe aka sabunta manhajar rautar, kuma wa zai sake sabunta ta nan da wata shida? Mai gyaran da ya san aikinsa zai amsa waɗannan cikin minti biyar. Wanda ya ce ba su da muhimmanci, a nemi wani.

Haka kwamfutar da za a aika: a tabbatar katangarta a kunne take, tana kuma karɓar sabuntawa. Wadda ta tsufa har ba ta karɓa, gara a bar ta tana buga takardu ba tare da an haɗa ta da wifi ba. Wayoyin iyaye kuma a saka musu matakin tabbatarwa na biyu a WhatsApp, a kuma yi yarjejeniya a gida cewa duk saƙon neman kuɗi sai an kira an ji murya kafin a aika.

Duk waɗannan ba sa buƙatar sayen wata sabuwar na'ura. Katangar na cikin rautar, tana cikin kwamfutar, an riga an biya kuɗinta tun ranar da aka saye su. Abin da ya rage shi ne a samu wanda zai duba ko tana tsaye, kuma a gidajen Ɗan Kassari da ke jiran saƙo daga ci-rani, wanda ya fi dacewa ya tambaya shi ne wanda ke biyan kuɗin wata.